Motar da Na Saya Saboda Baba

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda in rubuta shi, domin akwai wuraren da har yau idan na zo kansu sai maƙogwarona ya riƙe. Abin da ya sa na daure shi ne wani ɗan yayana da ya dawo daga Jidda da 'yan kuɗin da ya tara, ya zauna a gabana yana tambayata wace zai fara saya, jif ko boksi. Yadda idonsa ke ƙyalli in ya ambaci jif, na san ya riga ya yanke shawara, albarka kawai ya zo nema. Haka ni ma na zauna a gaban kawuna a ƙarshen 2017.

Ni haifaffen wani ƙauye ne a kudancin Gadarif, a gabashin Sudan, ba nisa da kogin Rahad. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, suka yada zango a nan, zango ya zama gida. Wasu danginmu suna Mai Wurno kusa da Sinnar, wasu suna Kasala. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Larabci, shi ya sa motar da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira a-kori-kura mu boksi muke ce mata.

Wanda bai san ƙasarmu ba, ba zai gane dalilin da ya sa zancen mota yake da nauyi haka a wurinmu ba. Baƙar laka ce. Da rani takan tsattsage har ƙafar yaro ta faɗa cikin tsagar. Da damina ta sauka, daga Yuni zuwa Oktoba, sai ta kumbura ta zama danƙo, ta manne a taya har tayar ta daina juyawa a cikin bodi. Ita ce ke ba mu dawa da riɗin da ake alfahari da su a duk Sudan, ita ce kuma ke rufe mu a ƙauyukanmu wata uku ko huɗu, ba shiga ba fita sai da tarakta.

A cikin irin wannan damina, ta 2003, Baba ya kwanta. Ina da shekara 15. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ya rame, cikinsa ya kumbura ta ɓangaren hagu. Daga baya muka ji sunan ciwon, kala-azar, wanda wani ɗan ƙaramin ƙwaro ke sa wa mutum, kuma yankinmu na cikin wuraren da ya fi yawa. Ranar da aka fita da shi, a tirelar tarakta muka ɗora shi har zuwa bakin hanya, daga nan muka samu boksi mai zuwa gari. Kujerar gaba wani ɗan kasuwa ya riga ya biya. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a baya tsakanin buhuna, na ɗora kansa a cinyata.

Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo. Na cire rigata na riƙe ta a saman fuskarsa, ba ta tare komai ba. Ina kallon ruwa yana bin layukan ƙarfen bayan motar yana shiga ƙarƙashin tabarmar, ina jin haƙoransa suna haɗuwa. Bai yi ƙorafi ba, sai dai ya riƙe yatsana. Ana cikin haka wata farar jif ta wuce mu, gilasanta a rufe, fitilunta a kunne. Ban zargi mai ita ba, wataƙila ma bai lura da mu ba. Amma idona ya bi ta har ta ɓace. Baba ya kwana biyu a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga ranar na ɗaura wa kaina wani abu da ban gaya wa kowa ba: in Allah ya hore mini, babu wani nawa da zai sake kwanciya a bayan buɗaɗɗiyar mota ruwa yana dukansa.

Na yi ƙwadago a manyan gonaki, na yi yankan riɗi, na yi yaron mota. Bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, yawancin man fetur ya tafi da ita, matasa suka yi ta kwarara arewa neman zinari. A 2013 na bi sahu. Na shiga rijiyoyi a sahara wajen Abu Hamad, na yi dakon dutse zuwa injinan niƙa, na wanke ƙasa da zaiba da hannuna a kasuwar Abidiyya. Ba zan tsaya kan wannan ba, labari ne na daban. Na bar abokai biyu a can ƙarƙashin ƙasa. Bayan shekara huɗu da rabi rabona ya tsaga, na dawo gida da abin da ya kusa rabin kilo, ɗaure a cikin tsumma a ƙugu.

Kawuna, ƙanin Inna, tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Gadarif da Fot Sudan. Shi ya raka ni Hartum, muka je kasuwar motoci ta Kirin a Bahri. Dillalai suka yanyame mu. Wasu suna tallata mana motocin da ake shigowa da su ta sahara ba takardu, waɗanda ake kira boko, kawu ya ce ko kallonsu kada in yi. Kwana uku muna zagaye, daga ƙarshe zaɓi ya tsaya kan guda biyu.

Ta farko boksi ce, Hilux mai gida ɗaya, injin gas mai silinda huɗu, fentinta ya koɗe amma ƙasanta lafiya lau. Da na saye ta, da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗina ya rage. Ta biyu jif ce, Land Cruiser rufaffiya, samfurin da aka ƙera a shekarun 1990, wadda mutane ke yi wa laƙabi da Laila Alawi, injin gas lita 4.2 mai silinda shida, da dabal, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare. Ita kuwa za ta lashe kuɗin gaba ɗaya, ba abin da zai rage sai na mai zuwa gida.

Da dare a masaukinmu kawu ya zuba mana shayi ya ce, "Ɗana, in tambaye ka. Wannan jif ɗin, wa zai ciyar da ita?"

Na ce, "Ni mana, Kawu."

Ya ce, "To ita boksi ita za ta ciyar da kai. Ka yi mata lodin buhu goma ta kai kasuwa ta dawo maka da kuɗi. Jif motar wanda ya riga ya ƙoshi ce. Ka fara da jaki, doki zai zo."

Na kawo masa hujjoji, kuma ba na ƙarya ba ne. Na ce boksi in ba kaya bayanta ba shi da nauyi, tana shiga laka sai ta yi ta wutsil-wutsil a wuri ɗaya. Na ce wannan da muka gani ba ta da dabal, damina na sauka za a jingine ta. Na ce jif za ta ɗauki Inna da matata da yara a inuwa. Duk ya saurara. Hujjar gaskiyar ce kawai ban faɗa ba, don na san in na buɗe baki kuka zan yi. Da safe ya shiga ƙarƙashinta da kansa, ya duba, ya fito yana goge hannu ya ce, "Motar ta ga duniya, amma ƙashinta da ƙwari. Kuɗinka ne. Allah ya sa alheri." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa.

Zan faɗi alherinta kafin in faɗi sauran, don zalunci ne in ɓoye. A daminar 2018 naƙuda ta zo wa ƙanwata da gardama cikin dare, bayan an kwana biyu ana ruwa. Na sa dabal, na sa ƙaramar giya, na shiga lakar da ko jaki ba zai yarda ya taka ba. Motar tana gurnani tana tafiya kamar ana turo ta, laka tana fallatsa har saman rufi. Inna tana baya riƙe da ita, a bushe, ba ɗigon ruwa ko ɗaya. Muka isa, aka yi mata aiki, aka ciro yarinya da rai. Da na fito na jingina da ƙofar motar, kuka na yi sosai. A daren na ji kamar na biya Baba wani bashi. Yarinyar tana makaranta yanzu, kuma duk abin da ya biyo baya bai taɓa sa na yi da-na-sanin wannan dare ba.

Sai dai dare ɗaya ne a cikin shekara uku da rabi.

Na sayi motar ne daidai lokacin da ƙasa ta fara tangal-tangal. An ɗage takunkumin Amurka a Oktoban 2017, kowa yana cewa kaya za su yi sauƙi. Sai ga shi a Janairun 2018 an karya fam, wato kuɗin Sudan, dala ta koma fam 18 a farashin gwamnati, kafin shekara ta ƙare ta kai 47.5. Mai ya yi wuya. Na kwana a layin gidan mai ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, in samu abin da ba zai cika rabin tanki ba. Mota mai nauyin sama da tan biyu ba ta san ana wahala ba, abin da ta saba sha shi za ta sha.

Da kaka ta yi, na yanke riɗina, sai na ga kaina ina tsaye a bakin gona ina ciniki da mai boksi ya kai mini kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ga motata a fake a gefe. Abin ya yi mini ciwo, na cire kujerun baya na cusa buhuna. Shida suka shiga da ƙyar, bayan motar ya zauna, domin sifirin ɗinta na naɗi ne, don laushin tafiya aka yi shi, ba irin na boksi mai falle-falle ba da aka yi don kaya. Buhu ɗaya ya fashe. Har ranar da na rabu da ita, in na buga ƙofa sai ƙwayoyin riɗi sun zubo daga wani lungu.

Akwai kuma abin da ban taɓa lissafawa ba. A ƙauye, mai boksi ɗan haya ne, kowa ya san in ya hau zai biya, ko ɗan'uwa ne. Mai jif kuwa babban mutum ne, kuma ba a miƙa wa babban mutum kuɗin mota. Kai amarya, ni. Gaisuwar mutuwa a Hawata, ni. Tarbar alhazai, ni. Ana yi mini godiya da addu'a, ni kuma kunya ba ta barin in ce a zuba mai. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Ni na shigo gari da alamar wadatar da ba ni da ita, suka ɗauke ni a yadda na nuna.

Sannan gyara ya fara. Ba laifin motar ba ne, ta haura shekara 20 tana aiki kafin ta zo hannuna, kuma mai ita na da yana da abin kula da ita. Mai ya fara tsiyaya ta ƙafafun gaba. Famfon gas ya nemi gyara saboda gurɓataccen man da nake saya a jarka a bayan fage. Tayoyi huɗu suka ƙare kusan lokaci guda, kuma kuɗin tayarta ɗaya ya kusa na tayoyin boksi biyu. Kowane kayan gyara da dala ake shigo da shi, ni kuwa da fam nake sayar da dawa. Usta, bakaniken da nake kai wa, ya taɓa ce mini cikin tausayi, "Wannan ba ta cika lalacewa ba, amma ranar da ta lalace sai ka sayar da sa." Ni ko akuya ba ni da ita a lokacin.

Na shiga shel, wato ka karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da damina, ka biya da amfanin gona da kaka a farashin da ya yanka maka tun shuka ba ta fito ba. Shekara biyu a jere ina noma wani yana kwashewa. Matata ta ciro awarwaronta na aure ta ajiye mini a kan tabarma, ba ta ce komai ba. Na karɓa. Wannan yana cikin abubuwan da har yau nake jin nauyinsu.

A Fabrairun 2021 aka sake karya fam, daga 55 zuwa wajen 375 a dala, a watan Yuni kuma aka janye tallafin mai gaba ɗaya. Kafin nan ma motar ta riga ta yi wata biyar a ƙarƙashin bishiyar aduwa a ƙofar gida, kaji suna kwana a inuwarta. Kullum da asuba sai in goge mata ƙura, ban san dalili ba. Na daina zama a majalisa. Na daina cin abinci sosai. Masu saye sun zo, ina korarsu, domin a zuciyata sayar da ita daidai yake da in sake kwantar da Baba a cikin ruwan nan.

Wata rana bayan isha'i Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Zauna. Motar nan, saboda mahaifinka ka saye ta ko?"

Ban taɓa gaya mata ba. Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Na sani tun ranar da ka shigo da ita. Kai yaro ne lokacin, akwai abin da ba ka sani ba. Kwanansa ne ya ƙare, wannan na Allah ne. Amma in sababi kake nema, ba ruwan ranar nan ba ne. Kwana arba'in yana kwance muna neman kuɗin tarakta da na asibiti. Na bi gidaje bakwai. Sai da na sayar da gadona sannan aka fita da shi. Da akwai kuɗi a ɗakin nan tun makon farko, ko a kan jaki aka kai shi da ya samu allurarsa." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yau in ɗanka ya kwanta, me ke cikin ɗakinka?"

Babu komai a ɗakina. Shekara 18 ina riƙe da hoton rigar da na tare masa ruwa da ita, ban taɓa tambayar abin da ya faru a kwanaki arba'in ɗin da suka gabace ta ba. Na tuna lallai gadon Inna na ƙarfe ya ɓace a shekarar, ta koma kwana a tabarma, ban taɓa haɗa biyun ba. A daren ban runtsa ba.

Bayan mako biyu na sayar da ita ga wani ɗan kasuwa daga Wad Madani. Da zai tafi na ce ya ba ni minti ɗaya, na zauna a kujerar baya inda ƙanwata ta kwanta, sannan na fito na miƙa masa makulli. Na biya bashin shel, na fanso awarwaro ɗaya cikin biyu, ragowar na haɗa da na wani abokina muka sayi tsohuwar boksi, wadda ta fi wadda na ƙi a Bahri tsufa da shekaru. Ita ma ba dabal.

Aikinta ba shi da daɗin faɗa. Da kaka riɗi da dawa, da rani gangunan ruwa da gawayi da bulo, ranar kasuwa fasinja da awakinsu. Gaba na mutum biyu ne, ƙura tana shiga ta ko'ina, in ba kaya tana tsalle har haƙori ya haɗu. Damina na kankama sai mu ɗaga ta a kan duwatsu mu koma gona. Amma kowace yamma ina dawowa da wani abu a aljihu, kuma kayan gyaranta ko a ƙaramar kasuwa ana samu. Cikin shekara ɗaya da rabi na biya abokina rabonsa, ta zama tawa.

Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Da Madani ta faɗi a Disamba, mutane suka kwararo Gadarif, makarantu suka cika da 'yan gudun hijira. Na yi ta jigila daga wajen Fawu, mutum goma sha biyar, ashirin, da katifu da tukwane. Wanda yake da shi ya biya, wanda ba shi da shi ya hau. Na iya yin haka ne saboda motar ta riga ta tara mini abin sayen mai. A cikin waɗanda suka iso na ji labarin mutumin da ya sayi jif ɗina: masu bindiga sun shiga gidansa sun tafi da ita, irin motocin da suka fi nema ke nan. Shi ya tsira da iyalinsa a ƙafa. Wasu suka ce mini Allah ya tsallakar da ni. Ban iya jin daɗi ba, domin mutumin kirki ne, kuma dukiyarsa ce ta halak.

A tsakiyar 2024 yaƙi ya shiga Sinja da Dindir, daidai ruwa ya sauka. Danginmu na wajen can suka taso a ƙafa cikin laka, kwana da kwanaki. Na je tarbarsu ta wajen Hawata, na tafi har inda ƙasa mai tauri ta ƙare, na tsaya. Na san akwai tsofaffi da masu ciki a gaba, tafiyar da jif za ta yi cikin awa guda, ni kuwa in na ƙara taku goma zan kafe in zama kaya. A wannan dare na yi kewarta kamar yadda ake kewar mutum. Na kunna fitilu na bar su a kunne don masu tahowa su ga inda za su nufa, har batir ya kusa mutuwa. Suka yi ta isowa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafu a kumbure, wata tsohuwa a goye a bayan jikanta.

Duk wannan na zayyana wa ɗan yayana, har da abin da Inna ta faɗa, wanda ko mahaifinsa bai taɓa ji ba. Na ce masa ya ƙirga watannin da zai yi yana dako da kwanakin da zai yi yana ratsa laka, ya ƙirga abin da zai rage a ɗakinsa bayan ya biya kuɗin mota, kuma ya gaya wa kansa gaskiyar abin da ya sa yake son wadda yake so. Ya ce, "Baffa, zan yi tunani." Har yanzu bai saya ba.

Bara na kai boksin wurin maƙeri ya yi mata ƙarafa a baya, na sayi tamfol mai kauri na ɗinka masa igiyoyi. A bayan kujera akwai katifa ƙarama naɗe cikin leda, ba a taɓa ta sai don marar lafiya. Kujerar gaba kuwa ba na sayar da ita ga kowa sai na leƙa baya na ga waɗanda suka hau. A cikin akwatin Inna akwai wani ƙullin kuɗi da nake ƙara wa wani abu duk ranar kasuwa, ita ke riƙe da makullin. Watan jiya ɗana na biyu ya kwana da zazzaɓi, washegari kafin azahar muna gaban likita.